Wata 14 bai saki hannu ba: in jira ne ko in kai shi a duba?

Maman Ɗan Fari:
Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo muku. Yarona ya cika wata 14, amma har yau bai saki hannu ya taka ba. Rarrafe kam ba a kamo shi, yana kama kujera ya miƙe, yana bin bango daga ɗaki har falo. Amma da zarar na tsayar da shi na janye hannuna, sai ya yi zaman daɓas ya koma rarrafensa. Ɗan ƙanwar maigidana, wanda nawa ya girme shi da wata uku, tuni yake zagaye gida da ƙafarsa. Duk wanda ya shigo, tambayar farko ita ce, "Har yanzu bai tashi ba?" Surukata ta ce in saya masa keken koyon tafiya, maƙwabciyata ta ce ƙiba ce ta yi masa yawa, babansa kuma ya ce in daina ɗora wa kaina damuwa. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Don Allah waɗanda suka riga ni a raino, ku faɗa min gaskiya.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. Ƴar nan, sa wa ranki ruwan sanyi. A cikin waɗanda na haifa akwai wanda ya taka tun bai shekara ba, akwai wadda sai da ta kusa shekara ɗaya da rabi. Yau duk sun zama iyayen wasu, kuma in kin gan su ba za ki iya nuna wanda ya riga wani tafiya ba. Yaron da yake kama abu ya miƙe da kansa, yake bin bango, ƙafafunsa lafiya lau suke. Zuciyar sakin hannu yake tarawa. Wani mai saurin rarrafe ma yakan yi jinkiri, don ya ga rarrafen yana kai shi inda yake so, me zai sa ya wahalar da kansa? Ki toshe kunnenki daga masu shigowa da tambaya. Allah ya raya miki shi.

Maman Uku:
Amin Hajiya. Tawa ta tsakiya ma haka ta yi. Ranar da ta ga dama sai kawai muka ga ta miƙe ta nufi ƙofa.

Anti Nas:
Maman Ɗan Fari, sannu da ƙoƙari. Aikin jinyar yara nake yi, kuma wannan tambayar kusan kullum sai an yi min ita. Bari in ba ki abin da za ki riƙe a hannu, ba lallashi kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, ana duba su a kai a kai ana rubuta lokacin da kowa ya cimma kowane mataki, ta fitar da sakamakon a 2006. Abin da aka samu shi ne, tafiya ba tare da riƙe komai ba tana zuwa ne tsakanin wata 8 da ƴan kwanaki zuwa wata 17 da rabi. Ki duba wannan tazarar da kyau, ta haura wata tara, kuma duk lafiyayyun yara ne. Zama ba jingina yana zuwa daga kusan wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa shi kaɗai daga kusan wata 7 zuwa kusan 17. Akwai ma kimanin yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafen gwiwa da hannu ba sam, suka tsallake zuwa tafiya.

Don haka ɗan ƙanwar maigidanki yana kusa da farkon layi, naki yana tsakiya, dukkansu suna kan hanya. Inda ake cewa a kai yaro a duba shi ne in ya cika wata 18 bai taka ba. Maganar ƙiba kuma ki bar ta, kada ki rage masa abinci saboda zancen maƙwabta.

Keken koyon tafiya ne kawai zan roƙe ki kada ki saya.

Yaya Babba:
Anti Nas, a nan kam ban yarda ba. Duk yarana keken nan suka hau, kuma babu wanda ya samu matsala. Yana ba uwa damar yin aiki, yaro yana ta wasansa yana jin daɗi. Komai yanzu sai a ce yana da illa.

Anti Nas:
Yaya, Allah ya tsare miki naki, kuma na san yana rage wa uwa aiki. Amma ki duba yadda yaro yake a cikinsa. Yana rataye ne a kan wurin zama, yana tura ƙasa da kan yatsunsa, ba ya ganin ƙafafunsa, kuma keken ne yake riƙe masa nauyi. Abin da yake buƙatar koya kuwa shi ne daidaita jikinsa, ya yi tangaɗi ya gyara, ya faɗi ya tashi. Keken yana ɗauke masa wannan darasin ne. Babu shaidar cewa yana sa yaro saurin tafiya.

Babban abin tsoron shi ne hatsari. Yaro a cikin keken yana iya cin kusan mita guda cikin daƙiƙa ɗaya, kafin ki miƙe ya isa bakin matakala. Kuma yana ƙara masa tsawo, hannunsa ya kai kan tebur inda aka ajiye ruwan zafi ko magani. Yawancin raunukan suna faruwa ne babba yana wurin yana kallo. Shi ya sa ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana neman a hana. In ana son abin taimako, a ba shi abin da zai tsaya a bayansa ya tura, mai ɗan nauyi wanda ba zai zille masa ba. A bar shi ba takalmi a cikin gida, tafin ƙafarsa ya riƙa jin ƙasa.

Yaya Babba:
To, na ji batun hatsarin. Amma waɗancan lissafin watannin da kika kawo, ai da ƴaƴan Turawa ake yin su. Ya za a auna namu da nasu?

Anti Nas:
Tambaya mai kyau ce Yaya. Ƙasashen biyar su ne Gana, Indiya, Oman, Norwe da Amurka. Da gangan aka zaɓo su daga sassa daban-daban. Kuma bambancin da aka gani tsakanin yara a cikin ƙasa ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa nesa ba kusa ba. Tsakanin maza da mata ma, a wajen zama da tsayuwa da tafiya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Maman Auta:
Ku yi haƙuri in shigo da wata fuskar. Maman Ɗan Fari, naki a yadda kika bayyana shi ni ma ban ga abin tsoro ba. Amma kalmar nan ta "ba komai, zai yi" tana taɓa ni, don na san inda take kai mutum wani lokaci.

Autana ya yi tafiya da wuri, kowa na yaba shi. Magana ce ta ƙi. Ya shekara biyu babu kalma ko ɗaya da za ka kama, sai nuni da kuka. Duk wanda na yi wa zancen sai ya ce maza haka suke, ko babansa ma ya yi nauyin baki, ko yayyensa ne suke yi masa magana shi ya sa bai damu ba. Alhali yaron yana yawan ciwon kunne, yana tashi da dare yana kuka yana jan kunnensa, in ka kira shi ta baya ba ya waiwayowa sai ka ɗaga murya. Da aka gwada jinsa sai aka tarar ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, duka biyun. Likitan ya ce min sauti yana isar masa a dushe, to yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Aka yi masa magani, aka haɗa mu da mai koyar da magana, alhamdulillahi yanzu bakinsa ya buɗe, amma sai da ya sha wahalar kamo tsaransa.

Waɗanda suka ce min in jira ba mugunta suka nufa ba, ƙauna ce. Sai dai ƙauna ba ta duba kunne. Ni abin da nake roƙo shi ne, in uwa ta zo da damuwa, kafin mu ce mata ba komai, mu tambaye ta tukuna: yana ji? Yana kallon ido? Yana nuna abu da yatsa?

Hajiya Kaka:
Allah sarki, Maman Auta. Allah ya ƙara masa lafiya. Maganarki gaskiya ce kuma na karɓe ta. Ni abin da nake gudu shi ne abin da nake gani a wajen ƴaƴana mata yanzu. Yarinya ta haihu, maimakon ta ji daɗin ɗanta, tana riƙe da waya tana lissafi, wai an ce wata kaza zai yi kaza. Yaro ya yi mata dariya ba ta gani ba, hankalinta na kan abin da bai yi ba tukuna. Wannan ma cuta ce. Uwar da ke cikin fargaba kullum, yaro yana ji a jikinsa.

Maman Auta:
Haka ne Hajiya. Ban ce a zauna cikin tsoro ba. Amma sanin abin da za a lura da shi ai shi ke kawar da tsoron.

Anti Nas:
Ku biyun duk kuna kan gaskiya, bari in faɗi inda ni nake ja layi a wajen aiki. Abin da ya fi komai tayar min da hankali shi ne yaro ya rasa abin da ya riga ya iya: yana faɗin kalmomi ya daina, yana zama ya koma faɗuwa, yana kallon ido ya daina. Wannan ba a jira, ko watansa nawa. Sai yaron da yake amfani da gefe ɗaya na jikinsa yana jan ɗayan, ko jikinsa ya yi tauri sosai, ko ya yi laushi kamar ba ƙashi. Yara ba sa fifita hannu ɗaya a fili kafin su shekara, in kin ga hakan da wuri a duba ɗaya hannun.

Ta fuskar lokaci kuma: wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, shekara guda ba gwaranci, wata 18 bai taka ba, ko ba ya nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi, shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, irin "ba ni" ko "Mama zo". Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sabunta jadawalinta na matakan girman yara a 2022, ta gina shi a kan abin da aƙalla yara 75 cikin 100 suke yi a kowane mataki, don kada a riƙa cewa a jira alhali yawancin tsaran yaron sun wuce wurin. A can ma ana ba da shawarar tantance kowane yaro don alamun galahanga, wato lalurar autism da ke shafar magana da cuɗanyar yaro da mutane, a wata 18 da wata 24.

Kuma a sani, kai yaro a duba ba yana nufin an yanke cewa yana da matsala ba. Da yawa ana dubawa a ce lafiya lau, uwa ta koma gida ta yi barci mai daɗi. Wanda kuma aka samu wani abu, gara a same shi da wuri, lokacin da ƙwaƙwalwa take kan ganiyar girma.

Baban Ƴan Biyu:
Salamu alaikum iyayenmu mata, ku ba ni dama in sa baki. Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya shafi gidaje da yawa. Ƴan biyuna bakwaini ne, sun zo saura wata biyu lokacinsu ya cika. Likitarsu ta koya mana cewa in za mu auna su, mu cire waɗannan wata biyun. Wato in sun cika wata 12 da haihuwa, a lissafin girma ƴan wata 10 ne, kuma haka za a ci gaba da yi har su kai shekara biyu. Wannan ya sauke mana nauyi ba kaɗan ba.

Su ne kuma suka raba ni da kwatanta yara. Ciki ɗaya, nono ɗaya, ɗaki ɗaya, amma ɗaya ya yi rarrafe, ɗayar ko sau ɗaya ba ta yi ba, a zaune take jan jiki tana tafiya. Shi ya riga ta taka, ita ta riga shi magana da nisa. In waɗanda suka kwanta ciki ɗaya ba su zo daidai ba, ina dalilin auna ɗanka da ɗan wani gida?

Sannan ina da magana da ƴan'uwana maza. "Ki kwantar da hankalinki" ba ta isa ba. In ka dawo gida ka zauna a ƙasa, ka miƙa masa hannu daga ɗan nesa, ita ta riƙe shi daga can, ya riƙa zuwa tsakaninku. Kai ma sai ka ga abin da take gani, kuma in ranar zuwa asibiti ta zo ka san amsar da za ka ba likita.

Maman Ɗan Fari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Auta, na duba tambayoyinki. Yana waiwayowa ko da raɗa na kira shi, yana cewa Mama da Baba, in ya ga tsuntsu sai ya nuna ya juyo ya kalle ni. Ba bakwaini ba ne. Keke kuma na fasa.

Amma tunda Anti Nas tana kusa, ga wata. Tun jiya yake gudawa, jikinsa da zafi, kuma na ga turamensa suna ƙoƙarin fitowa. An ce min haƙori ne, in bar shi zai wuce.

Hajiya Kaka:
Ai mu tun tasowarmu haka muka sani, haƙori da zawo tare suke zuwa. Kusan duk yaran da na raina sai da suka yi.

Anti Nas:
Hajiya, da girmamawa, a nan zan saɓa miki, don wannan maganar tana cin rayukan yara. Abin da kika gani gaskiya ne, suna zuwa lokaci ɗaya. Amma ba haƙorin ne yake kawo gudawar ba. Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata 6, yawanci na ƙasa guda biyu na gaba, a ci gaba har su cika 20 wajen shekara uku. To a daidai wata shidan nan ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne aka fara ba shi wani abu bayan nono. A lokacin ne kuma yake rarrafe, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai baki. Ƙwayoyin cuta ne suke shiga, haƙori ya ɗauki laifi. Tunda kuma fitar haƙora tana ɗaukar sama da shekara biyu, kusan duk ciwon da yaro zai yi sai ya dace da wani haƙorin.

Abin da haƙori yake jawowa shi ne dalalar yawu, kumburin dasashi, cije-cije, rigima da ɗan ɗumin jiki. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, ko gudawa, ko amai, ciwo ne daban, a nemi dalilinsa.

Maman Ɗan Fari, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi yanzu, kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa, ki ci gaba da ba shi nono da abinci. Ana haɗawa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Tunda akwai zazzaɓi, ki kai shi a gani yau, kada ki bari sai gobe. In kuwa kin ga idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko fitsari ya ragu sosai, ko ya ƙi shan komai, ko akwai jini a kashin, wannan na gaggawa ne. Kuma ki guji magungunan shafawa a dasashi masu kashe zafi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kan masu sinadarin benzoken ga yara ƴan ƙasa da shekara biyu. Tsabtataccen yatsa ko tsumma mai sanyi ya wadatar.

Hajiya Kaka:
Ikon Allah. To na ƙaru, kuma zan faɗa wa ƴaƴana. Ƴar nan, tashi ki kai shi.

Maman Ɗan Fari:
Yanzu kuwa Hajiya, babansa na hanya.

Malamar Yara:
Allah ya ba shi lafiya. Ina so in koma kan batun magana da Maman Auta ta taɓo, don ni ƴan shekara uku da huɗu nake koyarwa. Ba kunne kaɗai ke hana baki buɗewa ba. Ina samun yaran da jinsu lafiya lau, sun haddace waƙoƙin katun, amma ba za su iya cewa "ina jin ƙishirwa" ba. In ka bincika sai ka tarar tun suna jarirai waya ce abokiyar hirarsu.

Yaro yana koyon magana ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka. Ya yi gwaranci, ki amsa, ya sake, ki sake. Waya tana magana amma ba ta jiran amsarsa. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji a shekarun 1970: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba motsi. Nan take jaririn zai fara ƙoƙarin dawo da ita, ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in abin ya ƙi sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna fuskarmu in mun duƙufa a kan waya yaro na gefe.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce, ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi.

Maman Uku:
Malama, ki yi haƙuri, amma wannan maganar tana da sauƙin faɗa. Ina da jaririya ƴar wata biyu, da mai shekara uku, da babban da ke makaranta. Ba ni da mai taya ni, babansu sai dare. In ban miƙa wa ta tsakiyar waya ba, wa zai riƙe min ita in yi girki, in yi wanki, in shayar? Duk inda muka juya ana nuna mana mun gaza. Wani lokaci sai in ji kamar masu ba da shawarar nan ba su taɓa kwana da yaro mai kuka ba.

Malamar Yara:
Ƴar'uwa, wallahi ban faɗa don in ɗora miki laifi ba, kuma wanda ya san aikin da ke kanki ba zai ce kin gaza ba. Rabin awa da za ki ba ta don ki sauke tukunya lafiya ba shi ne abin da nake nufi ba. Ina nufin gidan da waya ke hannun yaro daga safe har barci, har abinci ba ya ci sai da ita.

Kuma hirar da nake cewa ba sai kin ajiye aiki ba. Kina wanki ki ba ta ƙaramin tsumma da ɗan ruwa a roba, kina gani, ki riƙa ce mata wannan rigar waye, wannan ja ce ko fara. Kina shayarwa ta zauna gefenki ki ba ta labari. In ta kalli wani abu a waya, ki tambaye ta bayan nan me ta gani. Abu biyu dai zan roƙa: ban da lokacin cin abinci, ban da dab da barci. Ƴar shekara uku tana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana, kuma rashin cika shi yana cikin abin da ke ƙara musu rigima.

Baban Ƴan Biyu:
Maman Uku, gaskiyarki ce, kuma rabin wannan maganar da mu maza ya kamata a yi ta. Wanda bai karɓi yaro ko na awa ɗaya ba bai da bakin cewa an cika ba shi waya.

Yaya Babba:
Malama, mu a gidanmu harshe biyu ake yi, ni da nawa, babansu da nasa. An ce shi ma yana rikita yaro. Gaskiya ne?

Malamar Yara:
A'a Yaya, ku ci gaba. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Zai riƙa cakuɗa su a jimla ɗaya da farko, wannan ba rikicewa ba ce, zai tantance da kansa. In za ki ƙirga kalmominsa ki haɗa na harsunan biyu. In kuma an ga jinkiri na gaske, kada a jingina shi ga harshe biyun, a je a gwada kunne kamar kowane yaro.

Maman Uku:
Na huce Malama, na gode. Tunda an zo nan bari in faɗi ainihin abin da ke damuna. Ita ƴar shekara ukun ta daina fitsari a wando tun tuni, tana zuwa po da kanta. Tunda na haihu komai ya dawo baya. Tana jiƙa wando da rana, tana cewa sai an ɗauke ta, har nono take nema. Shekaranjiya na kama ta tana mintsinin jaririyar. Anti Nas ta ce in yaro ya rasa abin da ya iya a kai shi asibiti, to wannan fa?

Hajiya Kaka:
Wannan kishi ne, ƴata, kuma ba na mugunta ba. Jiya ita ce a cinya, yau an ce ta matsa. Ta ga wadda ke jiƙa kunzugu ita ake ɗauka, ita ake lallashi, to ita ma bari ta gwada. Kada ki doke ta, kada ki kunyata ta gaban mutane, yin haka yana ƙara tsawaita abin. Ki sa ta cikin hidimar: miƙo min tawul, zo ki taya ni shafa mata mai. In baƙi sun zo ganin jaririya ki ce su fara gaisawa da yayar. Kuma ko yaya ki samu ɗan lokacin da jaririyar ke barci ki ɗora ta a cinya ita kaɗai, ba don ta yi wani abin kirki ba, haka kawai. Amma kada ki bar su su biyu a ɗaki ba babba, ko na ɗan lokaci, don ba ta san ƙarfin hannunta ba.

Anti Nas:
Hajiya ta gama magana. Wannan ya bambanta da wanda na faɗa, don ba iyawar ce ta ɓace ba, tana nan, kuma ga dalilin a fili. Yakan lafa cikin makonni in an bi ta a hankali. Ki riƙa tuna mata zuwa po a kan lokaci, in ta yi a wando ki canza mata ba tare da faɗa ba. Na dare kuma kada ki sa shi a lissafi, fitsarin kwance kafin shekara biyar ba a ɗaukarsa matsala. Abin da za ki lura da shi: in tana kuka ko tana cewa zafi lokacin fitsari, ko tana yinsa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko da zazzaɓi, ko tana shan ruwa fiye da ƙima tana ramewa, a gwada fitsarin. Ki duba bayan gidanta ma, don taurin bayan gida yana danne mafitsara ya sa yaro ya riƙa jiƙa wando, kuma iyaye ba su cika kawo shi a rai ba.

Maman Uku:
Kin ga kuwa kwana biyun nan tana yin nishi sosai a kan po, ban haɗa shi da wannan ba. Zan ƙara mata ruwa in lura, in bai sauya ba ranar rigakafin ƙanwarta sai in tafi da su tare a duba ta.